Alƙali da Jita: Daren Yamai Tare da Tal National

A wajenmu, in aka ce wane alƙali ne, to an gama magana. Mutum ne da ake cire takalmi kafin a gaishe shi, ba a jin dariyarsa a kasuwa. In kuwa aka ce wane makaɗi ne, nan ma an san inda aka ajiye shi: ana son kiɗansa, ana yi masa liƙi, amma ranar da ya zo neman aure sai ka ga dattawan gida suna kallon juna. A Yamai, babban birnin Nijar, an samu mutum ɗaya da ya haɗa sana'o'in biyu. Sunansa Hamadal Issoufou Moumine, amma duk garin Almeida ake kiransa. Da rana yana zaman shari'a, da dare ya rataya jita. Kafin nan ya taɓa buga ƙwallo, kuma ya daɗe yana aiki da gidan marayu na SOS. Shi ne ya kafa ƙungiyar makaɗa ta Tal National a shekarar 2000.

'Yan jaridar Turai da Amurka suna son wannan labari na alƙali mai jita, kusan duk wanda ya yi rubutu a kansu da shi yake farawa, ga shi ni ma na bi sahu. Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalina game da su shi ne wurin da kiɗan nasu ya girma, da irin mutanen da suka yi shekaru suna kaɗa wa.

Yamai ƙasar Zabarmawa ce tun asali, amma tun da ta zama hedikwata a 1926 kowa ya kwararo. Bahaushen Maraɗi da na Tawa da na Damagaram sun cika kasuwa. Ga Fulani, ga Abzinawa daga Agadas, ga Barebari daga Difa, ga Gurmawa, ga baƙi daga Benin da Togo da Mali. Ka shiga tasi ɗaya daga kasuwar Katako zuwa unguwar Harobanda, kafin ku haye Gadar Kennedy ka ji yare uku, Faransanci na huɗu. Da dare, wani ɓangare na waɗannan mutane yana taruwa a wuraren shaƙatawa da suke kira maki. Kada mai karatu ya hango wani katafaren gini mai ƙyalƙyali. Galibi fili ne a buɗe, an kewaye shi da katanga, ga kujerun ƙarfe ko na roba, ga mai gasa nama a gefe, ga ɗan dandamalin siminti da aka ɗora lasifiku a kai, sai filin rawa a tsakiya. Ana sayar da lemo, ana kuma sayar da barasa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma shi ya sa akwai ɗimbin mutanen garin da ba za su taɓa leƙa wurin ba ko da kuɗi aka haɗa su. Su sun san Tal National ne ta talabijin da gidajen biki da wayar hannu.

A irin waɗannan wurare ƙungiyar ta yi suna da kiɗan awa biyar a jere, dare biyar a mako. A tsaya a yi lissafin nan da kyau. Mawaƙinmu na zamani yana zuwa gidan biki ya yi waƙa uku ko huɗu a kan faifan da aka riga aka ɗauka, ya kwashe liƙinsa ya shiga mota. Su kuwa waɗannan awa ashirin da biyar ke nan a mako, da hannu da makogwaro, a garin da zafin bazara kan haura digiri 40. Babu jikin da zai iya wannan shi kaɗai. Shi ya sa ƙungiyar ta kai mutum 13, alhali kusan shida ne ke kan dandamali a lokaci guda. Wannan ya gaji, wani ya karɓe shi ba tare da kiɗa ya tsaya ba. In aka gayyace su wuri biyu a dare ɗaya, sai su rabu gida biyu, kowane ɓangare ya tafi da sunan Tal National.

Wani abokina Bazabarme, wanda nake sauka wurinsa in na je garin, shi ya fara kai ni. Ni Bagobiri ne, saboda haka tsakanina da shi ba a gaisuwa sai da tsiya. Tun a hanya yake ce mini, "Bawana, yau za ka ga abin da babu a ƙauyenku." Na ce masa ai duk abin da Bazabarme ya iya, a wurin ubangidansa Bagobiri ya gani.

Mun isa bayan sallar isha'i da daɗewa, wurin bai cika ba tukuna. Abin da na fara lura da shi shi ne mawaƙin ba ya rufe ido yana waƙa. Idonsa na kan filin rawa da teburan da ke bayansa. Suna cikin wani kiɗa mai sauri da Zabarmanci, filin ya cika da matasa, amma can gefe akwai teburi biyu na wasu magidanta da matansu, da ganin shigarsu ka san mutanen gabas ne, suna zaune suna kallo kawai. Ban ga wanda ya yi wa wani ishara ba. Na dai ji mai kalangu ya matse ya saki, ya ɗan sauya taku, mai manyan ganguna ya bi shi, sai ga mawaƙin ya juya harshe zuwa Hausa. Kafin ya kai baiti na biyu wata mata daga teburin nan ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nufi fili tana zaro takardar jaka ɗaya daga cikin jakarta. Sauran suka biyo ta. Matasan da ke rawa tun farko ba su zauna ba, don jitar ba ta bar zaren da take ja ba. Can an jima aka sassauta, aka shiga wani taku mai nauyi irin na takamba, wanda ake yi da kafaɗa da tafin hannu, sai ga wasu masu rawani sun taso a natse. Duk wannan a cikin abin da, in a faifai ne, za a kira waƙa ɗaya.

Mun saba cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A wurin nan na ga masu rawa suna sauya wa makaɗa kiɗa. Mai maki yana son wurinsa ya cika, kuma kada mutane su watse da wuri. Makaɗin da ya iya kiɗan ƙabila ɗaya kawai, rabin teburan zai bari a zaune, gobe kuma a kira wani. To in ka yi shekara da shekaru kana wannan aiki, dare biyar a mako, dole wata rana ɗinkin da ke tsakanin kiɗan Zabarmawa da na Hausawa da na Fulani da na Abzinawa ya daina fitowa fili. Su kansu 'yan ƙungiyar daga waɗannan ƙabilu suka fito, kowa da abin da ya tashi yana ji a gidansu.

Ga yadda kiɗan yake ga wanda bai taɓa ji ba. Kayan aikin na zamani ne: jitoci masu amfani da lantarki, jitar bas mai kaurin murya, jerin gangunan nan da ake kaɗawa da sanduna da ƙafa, sai kalangu. Amma hannun da ke taɓa jitar hannun mai molo ne ko gurmi. Ba a kaɗa igiyoyin gaba ɗaya kamar yadda Turawa suka fi yi. Ɗaya bayan ɗaya ake tsinkar su, da sauri, a maimaita gajeren salo guda har ya zauna a kunne. Jita ta biyu kuma ba ta bin ta farko. Tana faɗawa ne a ramukan da ta farko ta bari, tamkar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya na sauka ɗaya na tashi, ba a taɓa karo ba. A ƙarƙashinsu ganguna na tafiya da ƙirga shida ko goma sha biyu, irin wanda za ka iya taka shi bibbiyu ko uku-uku, duk wanda ka zaɓa ya hau. Wannan ne ke rikita baƙo. Masu sharhin kiɗa a Amurka har sun kwatanta su da wani nau'in rok da ake yi wa kallon kiɗan masu lissafi. Yarinya 'yar shekara goma a Yamai kuwa tana taka shi ba ta san akwai wani lissafi a ciki ba.

Banda na gida, akwai na maƙwabta. Za ka ji ɗanɗanon sukus na Kwango a yadda jita ke haurawa sama in rawa ta yi zafi, ka ji hailaif na Gana da Najeriya, ka ji salon jitar Sahara. Waɗannan duk kaset da rediyo ne suka kawo su garin tun shekaru aru-aru, kuma duk makaɗin maki dole ya iya su, don akwai mai zuwa ya nema.

Nijar tana da wata al'ada da ta sa wannan haɗin bai zama baƙon abu ba, wato wasan taubasantaka tsakanin ƙabilu: Bafillace da Babarbare, Ba'abzine da Bazabarme, Ba'are da Bafillace, da irin namu ni da mai masaukina. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2014. Mutanen da suka saba tsokanar juna a kasuwa ba a yi faɗa ba, ba zai yi musu wuya su yi rawa a fili ɗaya ba. Gwamnati ma ta sa hannu a nata lokacin. Zamanin Seyni Kountché, wanda ya mulki ƙasar daga 1974 zuwa 1987, an raya ƙungiyoyin samariya da bukukuwan matasa na ƙasa, inda kowace jiha ke kawo kiɗanta da rawarta a gwada. A 1987 aka fara gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin nan na Tawa. Ba a jima ba aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhadji Taya a Yamai. Daga wannan yanayi ne ƙungiyoyi irin su Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni, mai busa sarewa, suka fito a tsakiyar shekarun 1990. Saboda haka Tal National sun tarar da hanya an share. Abin da suka ƙara shi ne sauri da ƙarfi da juriya, irin waɗanda gasar shekara-shekara ba ta koyarwa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke kashe yawancin ƙungiyoyi. A Nijar ta wancan lokaci babu wani kamfanin faifai da zai ɗauki mawaƙi ya biya masa sitidiyo ya rarraba masa kaya a shaguna. Da suka fitar da faifansu na farko, Apokte, a 2006, da waɗanda suka biyo baya, da kansu suke sayarwa. Sukan tsaya a shataletalen birnin, inda motoci ke rage gudu, su miƙa faifai ta taga a miƙo kuɗi. Ka hango ƙungiyar da ake nunawa a talabijin ɗin ƙasa, ga 'ya'yanta cikin rana suna talla kusa da masu sayar da katin waya. Wani zai ga abin kamar faɗuwa ce. Ni dabara na gani, don duk abin da aka samu nasu ne, babu ɗan tsakiya, kuma sun riga masu kwafin sata isa wurin mai saye. Ko da yake wannan ciniki ma bai daɗe ba. Da wayar hannu ta yawaita, waƙa ta koma tafiya daga waya zuwa waya ta Bluetooth da ɗan katin ajiya, kyauta. Ta wannan hanya ce ma wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙar makaɗin Nijar Mdou Moctar har ya sa ta a wani faifai a 2011. Suna na yaɗuwa, aljihu kuwa shiru. Abin da ya rage wa makaɗi shi ne abin da ba a iya turawa ta waya: ya tsaya a gaban mutane ya kaɗa.

Hikimar Almeida ta fi fitowa a batun ɗaukar sauti. Yana son faifai mai inganci, kuma babu sitidiyon da ya gamsar da shi a gida. Ya lissafa kuɗin kwasar mutum goma sha wani abu zuwa Najeriya ko Gana, da masauki da abinci, ya ga ya fi araha ya sayi tikitin jirgi guda ɗaya. Sai ya ɗauko wani masanin ɗaukar sauti daga Chicago, Jamie Carter, ya zo Yamai da na'urorinsa. Wajajen 2008 suka yi A-Na Waya, wanda ya karɓu ƙwarai a ƙasar. Carter ya sake dawowa aka ɗauki Kaani, kuma shi ne kamfanin FatCat na Ingila ya fitar wa duniya a 2013. Jaridar New York Times ta sa shi cikin fitattun faya-fayan wannan shekara. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, sai Tantabara a 2018, wanda mawaƙiyar rap ta Nijar, Zara Moussa, ta sa murya a ciki. Suka yi ta zagaya Amurka suna wasa.

A lura, sai da suka shekara 13 suna cika wurare a gida kafin wani kamfanin waje ya san da su. Wannan ya bambanta su da wasu ƙungiyoyin da ake haɗawa musamman don bukukuwan Turai, a ɗinka musu kaya, a tsara musu labari. Kasuwar waje ta fi son Nijar ta rairayi da raƙumi da rawani, kuma makaɗan Agadas irin su Bombino sun cancanci duk yabon da suka samu. Amma Nijar tana da birni, mai cunkoson motoci da ƙura da hayaniyar kasuwa, kuma kiɗan Tal National na wannan birnin ne, duk da cewa sunan nasu daga hamadar Tal ta yankin Difa aka ɗauko shi. Ɗaya daga waƙoƙin Kaani ma sunanta Katako.

Ba zan ce komai nasu ya yi mini ba. Kunnen Bahaushe magana yake bi. Mun tashi da Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya, inda kiɗa ke rusunawa waƙa ta wuce, a ji habaici, a ji kirari, a yi dariya ko a girgiza kai. A wurin Tal National sau da yawa jita da ganga ne a gaba, murya na bin su a guje. Akwai waƙoƙin da ko da Hausa ake yi sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci abin da ake faɗa. Saurin ma wani lokaci yakan yi yawa, musamman a faya-fayan baya-bayan nan, har ka ji kana neman inda za ka ja numfashi. Na faɗa wa mai masaukina haka muna hanyar komawa. Ya ce, "Kai dai faɗi gaskiya, ƙafarka ce ta kasa. Wa ya ce maka wa'azi aka zo ji?" Ban ba shi amsa ba, don a filin rawa shi ke da gaskiya. A mota kuwa, ko a ɗaki kai kaɗai, ina nan a kan bakana.

Faifan Kaani ma ba ya kama abin duka. Waƙa takwas ce, kowace 'yan mintoci, an gyara an daidaita. Ba za ka ji lokacin da wuta ta ɗauke ba, lasifiku suka yi tsit, mai kalangu da mai ganguna suka ci gaba cikin duhu, jama'a suka karɓi amshi da baki da tafi har aka tada janareto, jitoci suka faɗo daidai inda ya kamata kamar ba abin da ya faru. Wannan na gani da idona, kuma babu wanda ya nuna mamaki sai ni.

Duk lokacin da na tsallako iyaka na dawo gida Najeriya, sai tambaya ɗaya ta dame ni. Arewacin Najeriya ta fi Nijar yawan jama'a nesa ba kusa ba, ta fi ta kuɗi, ta fi ta yawan mawaƙa. Ina ƙungiyoyinmu? Da can akwai. Dattawan Kaduna suna tuna Bala Miller da makaɗansa a Costain Club, suna waƙa da Hausa a kan kayan busa da jita. Amma tun da harkar finafinan Kano ta bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, kiɗanmu na zamani ya koma cikin ɗan ɗaki, mutum ɗaya da fiyanon Yamaha da kwamfuta yana fitar da ganga da sarewa da goge duk da yatsunsa. Ba na raina wannan, ya ciyar da dubban gidaje, kuma ya fitar da waƙoƙin da ake ji har Yamai ɗin. Lissafin ne ya fi sauƙi: ciyar da baki ɗaya ya fi ciyar da goma sha uku, fiyano kuma ba ya rashin lafiya, ba ya neman kuɗin mota.

Masu iya kaɗawa ba su ƙare ba. Akwai matasa a coci-cocin Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano da ke taɓa jita da ganga kamar ba gobe, akwai 'ya'yan gidan kalangu da kotso a kowane gari. Da wuya dai ka ga sun haɗu a dandamali ɗaya, in ma sun haɗu to taron gwamnati ne ko na wani ofishin jakadanci, a yi gwaji kwana biyu, a kaɗa minti ashirin, a ɗauki hoto a watse. Wurin da za a biya su su dawo gobe da jibi da gata, gaban mutanen da za su zauna in kiɗan bai yi musu ba, shi ne ya yi ƙaranci, kuma a jihohin da dokokin shari'a da hukumomin tace waƙa ke aiki, ba kowane mai kuɗi ne zai yarda ya buɗe irinsa ba.